Rigimar Lada Tsakanin 'Yan Wasan Kwaikwayo da Masu Jari a Amurka

Jama'a, kowa ya san aikin sabuwar gona. Kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya sai an yi sassabe, an tone kututture, an tara ƙaya an ƙone. Wannan shi ne aiki mafi wuya, amma ran da a ke yinsa babu ko zangarniya ɗaya a gonar. To, a ce mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago suka yi masa sassabe, ya biya su suka tafi. Bayan haka gona ta yi albarka, shekara da shekaru ana ta cika rumbuna. Shin waɗanda suka yi sassaben nan suna da sauran hakki? Wani zai ce babu, ai an riga an sallame su. Wani kuwa zai ce, ba don guminsu ba da ba a sami gonar ba.

Irin wannan gardama ta daɗe tana tashi a ƙasar Amurka, tsakanin masu sana'ar wasan kwaikwayo da masu zuba kuɗi a cikinta. Za mu ba ku labarinta tun daga farko, domin akwai abin koyo a ciki ga mai yin aiki a biya shi, da mai sa aiki ya biya.

Inda a ke wasan

A birnin New York akwai wani dogon titi da a ke kira Broadway. A bakin titin nan da kewayensa akwai manyan gidajen wasan kwaikwayo 41. Kowane gida yana da kujeru 500 ko fiye. Mutane su kan zo daga ƙasashe masu nisa, su sayi tikiti da tsada, su zauna su yi kallo.

Wannan wasa dabam ya ke da na majigi. 'Yan wasa ne da kansu su ke hawa dandali a gaban jama'a, su yi magana, su yi waƙa, su yi rawa. Gobe kuma su sake, har sau 8 a mako. Sana'a ce sosai, da ita su ke ci, da ita su ke biyan kuɗin haya.

Ba mutum ɗaya ke yin wasa ba. Akwai marubuci wanda ya tsara labari da waƙoƙi. Akwai mai shiryawa wanda ya ke nuna wa kowa inda zai tsaya da abin da zai yi. Akwai 'yan wasa. Akwai masu kula da dandali, su ne ke lura da lokacin shigar kowa da fitarsa. Sa'an nan akwai masu jari, watau waɗanda su ke tara kuɗin da za a kashe tun ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba.

Yadda a ke shirya sabon wasa

Sabon wasa ba ya fitowa daga hannun marubuci a gyare. Abin da ya yi daɗi a takarda, wata rana in an faɗe shi da baki sai a ji ba shi da armashi. Saboda haka sai masu jari su ɗauki 'yan wasa, su kai su wani ɗaki inda babu 'yan kallo, su yi makonni kaɗan suna gwadawa. Yau a rera waƙa, gobe a jefar da ita. Yau a ba wannan magana, gobe a karɓe a ba wancan. Wani ɗan wasa ya kan kawo wata irin tafiya, ko wani taku na rawa, ko wata kalma mai ban dariya, marubuci ya ji daɗi ya shigar da ita cikin wasan. Daga nan ta zauna ke nan. In gwaji ya ƙare sai a kira attajirai su gani, ko za su zuba kuɗi.

A kan yi irin wannan gwaji sau da yawa, wani wasa ma sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya kai gaban jama'a. Wannan shi ne sassaben 'yan wasa, kuma bisa ladansa ne a ke rigimar.

Zamanin gwaji kyauta

A da can, ɗan wasa ba ya samun ko kwabo sai ran da aka fara nuna wasa. Ya kan yi makonni da yawa yana gwaji kyauta. Sau da yawa shi zai sayi tufafin da zai sa a dandali. In an tafi da wasa wani gari mai nisa bai karɓu ba, mai jari ya kan sulale ya bar 'yan wasa can, ba kuɗin abinci, ba na jirgin komawa gida.

Da abin ya ishe su, cikin shekarar 1913 'yan wasa 112 suka taru a New York suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Actors' Equity. Za mu riƙa kiranta ƙungiyar 'yan wasa. Masu jari suka ƙi kula ta. Ran 7 ga Agusta, 1919, sai ƙungiya ta ce kowa ya ajiye aiki. Wannan shi a ke kira yajin aiki. Makaɗa da ma'aikatan dandali suka goyi bayansu. Yajin ya bazu zuwa birane 8, aka rufe wasanni 37, waɗansu 16 kuma aka kasa buɗe su. Bayan kwana 30 masu jari suka sauko, aka sa hannu a takardar sulhu. Aka yanke cewa gwajin kyauta ba zai wuce mako 4 ba, in wasa mai waƙa da rawa ne mako 5. Abin da ya ɗara haka sai an biya. Biyan kuɗin gwaji tun daga farkonsa kuwa bai samu ba sai 1935.

Kun ga dai tun asali rigimar ɗaya ce: aikin da a ke yi kafin kuɗi su fara shigowa, wa zai biya shi?

Labarin dala ɗaya

Cikin watan Janairu, 1974, wani gwanin tsara rawa mai suna Michael Bennett ya zauna da waɗansu 'yan rawa wajen ashirin da tsakar dare. 'Yan rawan nan ba shahararru ba ne, su ne masu tsayawa a layi bayan manyan 'yan wasa. Kowannensu ya ba da labarin rayuwarsa: yadda ya taso, da wahalar da ya sha a gida, da yadda ya shiga sana'ar rawa. Aka ɗauki maganarsu duka a na'urar ɗaukar magana.

Daga labaran nan aka gina wasan da a ke kira A Chorus Line. Aka yi watanni ana gwada shi a wani gidan wasa na Joseph Papp, ana biyan kowane ɗan rawa dala 100 a mako. Aka kuma kawo musu takarda, kowa ya sa hannu cewa ya sallama labarinsa a bakin dala 1. Suka sa hannu, don suna gudun kada a cire su daga wasan. Duk da haka waɗansu daga cikin masu labaran ba su sami shiga ba, wani dabam ne ya hau dandali yana faɗin abin da ya same su.

Wasa ya fito cikin 1975, ya karɓu ƙwarai da gaske. Aka yi ta nuna shi a Broadway har 1990, sau 6,137. A lokacin babu wasan da ya taɓa daɗewa haka a Broadway. Kuɗi suka shigo kamar ruwa. Bennett ya ga bai kamata a bar 'yan rawan haka nan ba, sai ya ware wani ɗan kaso ya ce a riƙa raba wa mutum 37 da suka yi aikin farko. Amma da aka sake ɗora wasan cikin 2006, bayan rasuwarsa, sai aka duba takarda aka ga ba ta haɗa da sabon nuni ba. Sai da aka yi ta kai da kawowa da magadansa har 2008 kafin aka shirya.

Hausawa su kan ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan wasa suka riƙe labarin nan, ba su manta ba.

Takarda iri biyu

Bayan wannan, ƙungiyar 'yan wasa da masu jari suka tsara takardar yarjejeniya ta aikin gwaji. A cikinta ladan mako kaɗan ne, amma in wasa ya yi kasuwa, waɗanda suka yi gwajin suna da ɗan rabo cikin abin da ya samu.

Daga baya aka fito da wata takarda ta biyu. A cikin wannan ladan mako ya fi yawa, dala 1,000, amma babu rabo. An biya ka, ka tafi, shi ke nan. Masu jari suka fi son ta biyu, har ta farko ta kusa mutuwa. Ƙungiya ta ƙirga ta ce, cikin kowane wasa 4 na Broadway, ɗaya da irin wannan takarda aka gina shi. Ladan kuwa tun 2007 yana nan a dala 1,000, har shekara goma sha ɗaya ba a ƙara ko sisi ba.

Mai karatu zai ce, dala 1,000 a mako ai dukiya ce. Amma mu tuna, aikin gwaji na makonni kaɗan ne, yawanci ba ya wuce huɗu. In ya ƙare ɗan wasa ya kan yi watanni yana neman wani. Ga shi New York tana cikin biranen da suka fi tsadar haya da abinci a duniya. Abin da aka samu a wata ɗaya, da shi za a ci a watannin zaman banza.

Wasan da ya tayar da maganar

Wani marubuci mai suna Lin-Manuel Miranda ya tsara wasa mai waƙa bisa tarihin Alexander Hamilton, ma'ajin Amurka na farko. Sunan wasan Hamilton. Aka yi shekaru ana gwada shi, sa'an nan aka buɗe shi a Broadway cikin Agusta, 2015. An kashe masa dala miliyan 12 da rabi, amma kafin shekara ta zagayo ya mayar da uwar kuɗi, ya shiga riba. Tikitinsa ya zama sai mai rabo.

'Yan wasan da suka yi gwajinsa ba su da rabo a takardarsu. Sai suka haɗa kai suka rubuta wa babban mai ɗaukar nauyin wasan, Jeffrey Seller, wasiƙa. Suka ɗauki lauya, aka yi watanni ana magana. Cikin Afrilu, 2016, aka yarda za a ba su kashi 1 cikin 100 na ribar wasan a Broadway, su raba tsakaninsu.

Sauran 'yan wasa suka ce, madalla, amma waɗannan sun samu ne don wasansu ya yi suna, duniya tana kallo. Wanda wasansa bai yi suna haka ba fa? Sai dai ya je roƙo? Suka ce gara a rubuta rabon nan a takardar kowa tun kafin a fara aiki.

Abin da kowane ɓangare ya ke cewa

Ba za mu yi adalci ba sai mun ji ta bakin kowa.

Masu jari suna cewa: mu ne mu ke ɗaukar kasada. Cikin wasa 5 da a ke buɗewa a Broadway, wajen 4 ba su mayar da uwar kuɗinsu. In wasa ya faɗi, ɗan wasa ya riga ya karɓi ladansa, ba wanda zai ce ya mayar. Mu kuwa dukiyarmu ta tafi. Ribar wasa ɗaya da ya tsira ita ce ke cike ramin huɗun da suka faɗi. Ga marubuci da mai shiryawa kowa da kasonsa. In aka yi ta yanka ribar ana rabawa, wa zai sake zuba kuɗinsa?

'Yan wasa kuma suna cewa: mu ma muna ɗaukar kasada. Mu kan bar wani aiki mai tsoka mu zo gwaji. Mu kan ba da muryarmu da jikinmu da dabararmu. Abin da muka ƙago yana zama cikin wasan, waɗanda za su zo bayanmu su yi ta maimaita shi shekara da shekaru, a garuruwa da ƙasashe. Marubuci yana da rabo don ya sa basirarsa. Mu ma mun sa tamu.

In kun lura, kowa yana da gaskiyarsa. Shi ya sa rigimar ta ƙi ƙarewa da wuri.

Yajin aiki na 2019

Ƙungiyar masu jari, wadda a ke kira Broadway League, ta zauna da ƙungiyar 'yan wasa wajen shekara biyu ba a daidaita ba. 'Yan wasa suka fito da take mai cewa su ba ɓerayen gwaji ba ne. Dalili kuwa, masu binciken magani su kan gwada sabon magani a jikin ɓera, in magani ya yi kyau ɓera ba ya samun komai.

Ran 7 ga Janairu, 2019, ƙungiya ta hana 'ya'yanta, mutum wajen 51,000, yin kowane irin aikin gwaji ga masu jarin nan. Ku lura da dabarar. Ba su rufe wasannin da a ke cikin nunawa ba, don haka masu aiki a cikinsu suka ci gaba da samun abinci. Sababbin wasanni kaɗai aka tsayar. Mai jari kuwa ya san in bai yi sassabe bana ba, baɗi ba shi da gona.

Bayan kwana 33, ran 8 ga Fabrairu, aka shirya. Aka ƙara ladan mako. Aka kuma yarda cewa 'yan wasa da masu kula da dandali waɗanda suka yi gwaji za su raba kashi 1 cikin 100 na riba, amma sai bayan wasa ya mayar wa masu jari uwar kuɗinsu. Ta haka kowa ya sami wani abu. Mai jari ya tabbata kuɗinsa za su fara dawowa tukuna. Ɗan wasa kuma ya tabbata in riba ta zo ba za a manta da shi ba.

Bari mu yi lissafi

Ga misali don mu gane, ba na wani wasa na gaske ba ne. A ce wasa ya mayar da uwar kuɗi, yana cin ribar dala 100,000 a mako. Kashi 1 cikin 100 na wannan shi ne dala 1,000. A ce mutum 20 ne suka yi gwaji, kuma aka raba daidai. Kowa zai sami dala 50 a mako. In wasan ya shekara yana haka, watau mako 52, kowa ya tashi da dala 2,600.

Kun ga kuɗin ba za su mai da mutum attajiri ba. In wasa bai yi riba ba kuwa, babu abin rabawa sam. Amma ga wanda ke zaune ba aiki, ɗan abin da ke shigowa kowane mako ba ƙaramin taimako ba ne. Bayan haka kuma akwai mutunci: takarda ta shaida cewa da hannunsa aka gina wasan.

Rigima ta sake tashi

Yarjejeniya tana da wa'adi, kamar hayar gona. Da wa'adin wannan ya cika cikin 2024 aka koma zaman ciniki. A 'yan shekarun nan kaya sun yi tsada ƙwarai a Amurka. 'Yan wasa suka ce ƙarin da masu jari suka miƙa bai kamo tsadar kaya ba. Cikin Yuni, 2024, ƙungiya ta sake tsayar da aikin gwaji. Wannan karo abin ya ja, sai da aka yi wajen wata 8. Cikin Fabrairu, 2025, aka daidaita, aka ƙara lada, aka koma aiki.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, aikin share fage aiki ne, ko da ya ke ran da a ke yinsa ba a ga amfaninsa ba tukuna. Ya kamata a san ladansa.

Na biyu, lada iri biyu ne. Akwai wanda a ke biya nan take, ko a ci riba ko a faɗi. Akwai kuma rabo, wanda ba ya samuwa sai an ci riba. Na farko tabbas ne amma yana ƙarewa. Na biyu babu tabbas amma yana iya daɗewa. Kowa ya san wanda ya karɓa.

Na uku, a yanke magana tun kafin a fara aiki. Ran da babu riba kowa yana da sauƙin kai, ran da kuɗi suka zo kuwa ciniki ya kan yi wuya. 'Yan rawan 1974 sun sa hannu a bakin dala 1, sai da aka shekara talatin da huɗu ana waiwayar takardar nan. Kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda sai ya san abin da ta ƙunsa, da abin da ta bari ba ta faɗa ba.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan wasa ɗaya in ya yi magana sai a sallame shi a ɗauki wani. Da suka haɗa kai ne aka saurare su, a 1919 da 2019 duka. Kuma kowane karo a zaune aka ƙare maganar, kowa ya rage wani abu daga abin da ya nema.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin gwaji, kuma don me a ke yinsa kafin a nuna sabon wasa?
2. A wace shekara aka kafa ƙungiyar 'yan wasa, kuma me ya sa aka kafa ta?
3. Nawa aka ba 'yan rawan 1974 a bakin labarinsu?
4. Wace hujja masu jari su ke kawowa? Wace hujja 'yan wasa su ke kawowa?
5. In riba ta kai dala 200,000 a mako, nawa ne kashi 1 cikin 100? In mutum 25 suka raba daidai, nawa kowa zai samu?
6. Ku tattauna a aji: da a ce ku ne, wanne za ku zaɓa, lada mai yawa nan take, ko lada kaɗan tare da rabon riba? Ku faɗi dalilinku.